Abin da Na Gani a Jinin Ishaya

Sabon Gari,
Sakkwato.

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu, da fatan kin tashi lafiya, ko da yake bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, kuma tun safe ina jin ki kina buɗe akwati kina rufewa. Allah ya kiyaye hanyarki daga nan zuwa Kano, ya riƙe jirgin da zai ɗauke ki, ya sauke ki Ingila a hannun mutanen kirki.

Na san za ki yi dariya ki ce Baba ya tsufa, yana rubuta wasiƙa zuwa ga wadda suke cin tuwo gida ɗaya. Yi dariyarki. Akwai maganar da nake ɗauke da ita shekara tara game da ƙaninki Ishaya, kuma duk lokacin da na buɗe baki sai in ji kaina ina tambayarki ko kin sayi rigar sanyi. Yanzu saura kwana shida ki tafi, kuma za ki tafi kina jin haushin mutumin da bai yi miki laifi ba. Wataƙila in kin gama karantawa ba za ki ƙara kallona yadda kike kallona ba. Wannan nake tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Don haka ki bar ni in fara da ƙananan kurakuraina, ko zan sami ƙarfin kaiwa ga babban.

Kin tuna ranar da kika zaunar da mu kina bayyana mana aikin da za ki je yi? Mamanki ta saurare ki har ƙarshe, sannan ta ce, "Wato duk shekarun nan na jami'a, gwamnatin soja ta biya miki jirgi, don ki je kiwon ɓeraye? Ga su nan bayan buhun gero, ki fara da na gida mana."

Ni ban yi dariya sosai ba, saboda na gane abin da kike faɗa fiye da yadda kike zato. Ga yadda na fahimta, in na kauce ki gyara mini. A sankarar jini, fararen ƙwayoyin jini suna ƙin girma. Suna tsayawa ɗanyu, suna ta hayayyafa, ba sa aikin tsaron jiki da aka yi su dominsa, har su cika ɓargo su hana na kirki wuri. Mutanen da za ki je wurinsu suna aiki da wani sinadarin jiki da ake kira furotin, wanda in aka sa wa irin waɗannan ƙwayoyi na ɓera, sai su girma, su kama aikinsu, su bar hayayyafar banza. Naki aikin shi ne a yi wa zomo allurar furotin ɗin, jikin zomo ya ƙera garkuwa a kansa, ki ɗebo garkuwar daga jininsa ki zuba. In garkuwar ta kama furotin ɗin, ƙwayoyin suka ci gaba da zama ɗanyu, to an tabbata shi ne mai sa su girma, ba wani abu ba. Na ce miki ashe ba magani za ki je yi ba, hana magani aiki za ki je yi. Kika ce, "Baba, sai mun iya tsayar da shi za mu san shi ne yake aikin." Na ji daɗin amsar nan har na maimaita ta a ofis.

Shekara ashirin da shida ke nan ina duba jinin shanu da tumaki a ɗakin gwajin asibitin dabbobi. Aikina bai kai naki ba, amma hannu ɗaya ne, kwalba ɗaya ce, gilashi ɗaya ne. Saboda haka ki saurari tsohon ma'aikaci.

Shekarata ta biyu a aiki, muka fita rangadi bakin gulbi da Malam Bello, wanda ya koya mini aiki, za mu ɗebi jinin shanu saboda ciwon sammore. Garke biyu ne, na makiyaya biyu. Rana ta yi zafi, shanu suna ta harbi, na ga rubuta suna a kowace kwalba ɓata lokaci ne. Na ce na garken farko dama, na biyu hagu, ai ba zan manta ba. Kafin mu iso gari mota ta faɗa rami ya fi sau goma, akwatin ya juye, na tsince su na jera yadda nake tsammani. Aka yi wa garke mai lafiya allura, aka sallami marar lafiya ya yi kudu. Bayan wata biyu mai garken ya zo ofis da ƙafarsa. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya dai tsaya yana kiran sunayen shanun da suka mutu ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake kiran 'ya'ya. Da ya tafi Malam Bello ya miƙo mini fensir ya ce, "Bitrus, riƙa wanga. Kanka mai kyau na, amma ba shi hi alƙalami ba." Ki rubuta a kan kwalba tun tana wofi, kafin jini ya shiga. Ko da ɓera ɗaya ne a gabanki, ki rubuta.

Dabbobin kuma ki ji tausayinsu. Da ƙuruciya ina ɗaga zomo ta kunne, ina aiki da gaggawa don a ce ina da zafin nama, har wata rana wani ya mace a hannuna don tsoro kawai, allura ba ta ko taɓa shi ba. Tun ranar nake tallafe su a ƙirji, in bar su su natsu tukuna. Ɓerayenki ba su nemi aikin nan ba. Ki kama su da hannu mai laushi, kada ki yi amfani da biyu inda ɗaya zai isa.

Kuskure na uku ya fi waɗannan kunya, kuma shi ya share wa babban hanya. Bayan an gama yaƙin basasa, arzikin mai ya fara shigowa, aka ƙara mini girma, aka ba ni farar riga ta aiki, na sayi babur. Mutanen unguwa suka fara kirana Dokta. Da farko ina cewa a'a, ni malamin gwaji ne, na dabbobi ma. Daga baya na daina gyara musu, don sunan yana mini daɗi. Mata suna kawo yara ƙofar gidan nan, ina duba idonsu, ina faɗin abin da za a saya a kemis. Na saba da a tambaye ni in ba da amsa, har kalmar "ban sani ba" ta yi mini nauyi a baki. Ke za ki dawo da sunan na gaskiya, ba na aro ba. Duk da haka ki riƙa faɗin ban sani ba ko da sau ɗaya a rana, don kada bakinki ya manta yadda ake faɗinta.

To, ga babban kuskuren nan.

Kina aji biyu a makarantar kwana lokacin da Ishaya ya fara ciwo, yana da shekara takwas. Cikin bazara ne. Zazzaɓi ya zo ya tafi, ya sake dawowa. Tafin hannunsa ya yi fari, in ya goge baki sai jini, ga wasu tabo masu duhu a ƙaurinsa, shi kuma ya ce bai faɗi ba. Wata safiya kafin in fita na soki yatsansa, na shafa jinin a gilashi, na naɗe a takarda na sa aljihu. Abin da na saba yi muku ne duk lokacin da ɗayanku ya yi zazzaɓi, don in ga ko maleriya ce.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na rina gilashin, na sa a madubin gwaji. Babu ƙwayar maleriya ko ɗaya. Abin da na gani fararen ƙwayoyi ne, manya, ɗanyu, sun cika ko'ina, duk inda na matsa su ne. Rifkatu, na taɓa ganin irinsu a jinin wata saniya, na kuma gan su a littafi. Na san sunan abin. Ba zan ce miki ban sani ba.

Ina zaune Malam Bello ya shigo neman wani abu, ya ga na daɗe a kan gilashi ɗaya, ya ce in matsa ya gani. Ya duba, ya daɗe yana dubawa.

"Jinin wace dabba na wanga?"

Na ce masa na wani kare ne da wani Bature ya kawo.

"To ka hwaɗa mishi gaskiya," in ji shi. "Wanga kare ba shi kai damana."

Ya ɗauki abin da ya zo nema ya fita. Ni kuwa na zauna na fara yi wa kaina bayani irin na masu ilimi. Na ce zafin Sakkwato ya lalata ruwan rinin, ai ya sha yi mana haka. Na ce gilashin ya daɗe a aljihu, gumi ya taɓa shi. Na ce idon da ya saba da jinin shanu ba zai yanke hukunci a kan na mutum ba. Kowane ɗaya daga cikin dalilan nan yana iya zama gaskiya, kuma akwai hanya ɗaya ta ganewa, wadda nake koya wa kowane sabon ma'aikaci: a sake yin gilashi na biyu da sabon rini. Minti goma ne. Na kai gilashin famfo na wanke shi tas, na jera shi cikin sauran. Ban yi na biyu ba.

Washegari na kai ƙaninki wurin Likita Dauda, wanda muke coci ɗaya da shi, shi da ya karɓi haihuwar Ishaya. Asibiti cike, mutane har kan baranda. Ya duba yaron, ya daɗe a kan dasashinsa, ya jawo takardar gwajin jini zai rubuta. Ni na tsayar da hannunsa. Na ce, "Likita, kada ka wahalar da yaron da layi. Na duba jinin da kaina jiya, maleriya ce." Ya dube ni ya ce, "Ka tabbata, Malam Bitrus?" Na ce na tabbata. Ya san aikina, ya san ba na wasa da gilashi. Ya ajiye takardar ya rubuta kulorokwin.

Wata uku muka yi a haka. In zazzaɓi ya dawo sai in je ni kaɗai in karɓo magani, in ce da sauƙi. Ishaya ya fara zama a gindin itace a hanyar makaranta don gajiya. Malaminsu ya aiko cewa yana barci a aji. Mamanki ta ce a mayar da shi asibiti, na ce mata wa ya fi sanin jini a gidan nan? Na fara kiransa rago. In ya kwanta da rana sai in tashe shi in aike shi, ko ba abin da nake bukata. Ran nan na dawo na tarar bai ɗebo ruwan da na sa shi ba, yana kwance a tabarma, na karyo tsumagiya na dake shi. Sau ɗaya ne, amma na dake shi. Na daɗe ina tambayar kaina dalili, kuma na same shi. In rago ne, to ba shi da ciwo. Ina so ya zama rago fiye da yadda na taɓa son wani abu a duniya.

Farkon damina hancinsa ya ɓalle da jini ya ƙi tsayawa. Wannan karon Likita Dauda bai tambaye ni komai ba, ya ɗebi jinin da hannunsa. Bayan awa ɗaya ya kira ni ciki, ya rufe ƙofa, ya nuna mini kujerar gaban madubi. Na duba don kada in ƙi, amma na riga na san abin da ke ciki. Ina jira ya tuna mini maganar da na yi masa, bai tuna mini ba. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ko da tun farko muka gani, ba mu da abin da zai warkar da shi. Kada ka kashe kanka da tunani." Yana zaton kuskuren ido na yi. Bai san na gani na wanke ba.

Na yarda da maganarsa, har yau na yarda. Wata ukun nan ba su ne za su ceci Ishaya ba. Amma da na faɗi gaskiya, da ya yi su a kwance kusa da uwarsa, ana ƙara masa jini, ana dafa masa abin da yake so, da an ɗauko ki daga makaranta kin zauna da shi. Wannan na hana shi, na hana ki.

Sati bakwai ya yi a asibiti kafin ya rasu. Wata rana da la'asar ina ba shi kunu da cokali, ya ce, "Baba, Likita ya ce jinina ne ba shi da lafiya." Na ce haka ne. Ya ce, "Ashe ba ragwanci ba ne?" Na ce masa ba ragwanci ba ne, shi ba rago ba ne, bai taɓa zama rago ba. Sai ya yi murmushi, ya buɗe baki ya karɓi cokalin. Murna yake yi, 'yata. Yana murna an wanke shi a wurin ubansa.

Kin zo jana'iza kin ji mata suna cewa likita ya yi wata uku yana ba yaro maganin maleriya bai ko gwada jini ba. Ina tsaye na ji, ban ƙaryata su ba. Tun daga ranar ba ki sake gaishe da Likita Dauda ba. In ya biyo ta ƙofar dama a coci ke sai ki bi ta hagu. Da kika ci jarrabawar shiga jami'a ya aiko miki da littafi, kika mayar masa ba ki buɗe ba. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta juyo da fushinki kaina, bai taɓa faɗinta ba, ko ga matarsa ban ji ya faɗa ba. Makon jiya muna cin abinci kika ce za ki je ki koyo abin da likitocinmu ba su damu su duba ba. Na ajiye cokali, kika ɗauka yaji ne ya shaƙe ni.

Ga abin da nake roƙonki, ba a matsayin wanda ya iya ba, a matsayin wanda ya kasa. Wata rana za ki duba madubin gwaji ki ga abin da ba ki so. Wataƙila garkuwar da kika yi wata shida kina haɗawa ba ta tsayar da komai ba, ƙwayoyin sun girma abinsu. Nan take kanki zai kawo miki dalilai, kuma masu kyau zai kawo, don mai ilimi ya fi kowa iya ruɗin kansa. Ki rubuta abin da kika gani kafin ki fara bayyana shi. Ki yi na biyu. Ki kira wani ya duba, ki kuma gaya masa gaskiyar abin da yake dubawa. Da na ce wa Malam Bello jinin ɗana ne, da shi da kansa zai ɗauke ni a babur ɗinsa zuwa asibiti a ranar.

Kada kuma ki tafi da niyyar rama wa Ishaya. Ba ya bukatar ramuwa, yana hannun da ya fi nawa da naki. In fushi ne zai riƙe ki a ɗakin gwaji, zai ƙare a sanyin farko. Ki yi aikin don kina son sanin yadda Allah ya tsara jini, don kuma yaran da ba a haifa ba tukuna. In shekara uku suka wuce abin da kika samo bai fi a ce furotin kaza ne ke sa ƙwayar ɓera girma ba, ya isa. Ni zan kai takardar ofis in karanta wa kowa, ko sun gane ko ba su gane ba.

Jiya da rana na gaya wa Mamanki, tana tsintar shinkafa a tsakar gida. Ta bar ni na kai ƙarshe. Tambaya ɗaya ta yi mini: "Ranar da ka dake shi, ka riga ka gani?" Na ce na riga na gani. Ta ajiye faifan, ta ɗauki mayafi, ta tafi unguwar Gawon Nama wurin ƙawarta. Da yamma ta dawo ta yi tuwo ta ajiye mini nawa a inda ta saba ajiyewa. Har yanzu ba ta yi mini magana ba, kuma ban ga laifinta ba. In kin ga idonta ya kumbura, ba tafiyarki kaɗai ba ce. Ki zauna kusa da ita a 'yan kwanakin nan, ta fi ni bukatarki.

Ke ma kina da damar yin fushi da ni, ki yi iya yadda ya kamata. Ba zan ce ki yafe mini kafin motar Kano ta tashi ba. In ma sai kin yi shekara a can kafin ki iya rubuta "Baba" a kan takarda, zan jira. Ina ƙaunarki tun ranar da aka miƙo mini ke a zane, kuma wannan ba ya jiran amsarki.

Abu ɗaya ne ba zai jira ba. Jibi Lahadi, in an tashi sujada, zan tsaya a bakin ƙofa in tari Likita Dauda, in gaya masa abin da na gaya miki, da bakina, a gaban duk wanda yake wurin. Ya tsufa, ba ya ji sosai, dole in ɗaga murya. Ban ce sai kin tsaya kusa da ni ba. Amma in na gama, ina roƙonki ki ƙaraso ki durƙusa ki gaishe shi. Shekara tara yana jiran gaisuwar nan saboda ni.

Ubangiji ya sa miki albarka, ya tsare fitarki da shigarki. Ya kiyaye ki daga sanyi da kaɗaici da mugun aboki, ya ba ki ido mai ganin abin da ke nan, da zuciyar da za ta iya faɗinsa. Ya kai ki lafiya, ya dawo mana da ke lafiya, ya sa ki tarar da mu da rai. Amin.

Ni ne mahaifinki,
Bitrus.